Yadda ake zuba gangaren keken guragu daga ƙofar ɗaki zuwa lambu

'Yan uwa daga garuruwan Mai Wurno da Wad Madani na ƙasar Sudan sun yi ta tambaya, to ga matakan.

1. Auna tsayin dokin ƙofa daga ƙasa.

2. Ninka shi sau 12, shi ne tsawon gangaren. Tsayin santimita 20 na buƙatar mita 2.4. Hattara: a nan magina ke gajartawa don tsimin siminti, keke kuwa ya kife da mutum.

3. Shata faɗin santimita 120.

4. Kwashe baƙar laka daga wurin, domin ƙasar wannan yanki na Jazira tana kumbura da damina, ta tsage da rani.

5. Cike ramin da tsakuwa.

6. Daɓe ta sosai.

7. Kwaɓa siminti kwano 1, yashi 2, tsakuwa 4.

8. Zuba kaurin santimita 10, da fili mai tsawon santimita 150 a sama da ƙasa don juyawa.

9. Ja tsintsiya a kai kafin ya bushe. Kada a sa tayil mai santsi, ko da ya fi kyau.

10. Ɗaga gefuna santimita 10.

11. Kafa mariƙin katako a tsayin santimita 90. Ƙarfe yana ƙona hannu da rana.

12. Riƙa yayyafa ruwa har kwana 7.