Kurakuran da aka fi yi wajen bin tarihin tsohon kamfanin mota na Amurka

Kafin 1930 ɗaruruwan kamfanoni ne suka gwada ƙera mota a Amurka, yawancinsu kuma ba su yi shekara biyar ba suka rufe. Abin da suka bari shi ne takarda, ita kuwa takardar sau da yawa tana faɗin abin da kamfani ya yi fata ne, ba abin da ya yi ba. Daga nan yawancin kurakurai ke tasowa.

Na farko shi ne neman sunan mota a matsayin sunan kamfani. Motar Lambert, kamfanin Buckeye Manufacturing ne ke yin ta a garin Anderson na jihar Indiana. Dixie Flyer kuma ta fito ne daga wani kamfanin keken doki a Louisville. In ka tsaya kan sunan da ke goshin mota, rajistar kamfanoni ba za ta ba ka komai ba. Nemo tsohon talla, ka duba ƙasansa inda aka rubuta kamfani da gari da ƙananan baƙaƙe, ka yi bincike da waɗannan. Suna ma yana canzawa: Rambler ta koma Jeffery a 1914, sannan Charles Nash ya sayi kamfanin a 1916. Motar Star ta kamfanin Durant kuwa, a ƙasashen waje Rugby ake ce mata, don akwai wata Star a Ingila.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne yarda da sanarwa. Mujallun sana'ar irin su The Horseless Age da Motor Age suna buga labarin cewa an kafa kamfani kaza da jarin dala kaza, zai fitar da mota kaza a shekara. Wannan jarin, iyakar hannun jarin da aka ba shi izinin sayarwa ne kawai, ba kuɗin da ke akwati ba. Wani kamfanin, mota ɗaya tak ya haɗa, ya ɗauke ta hoto, shi ke nan. Wani kuma ya yi motoci da gaske amma ya cika baki: Pan Motor na St. Cloud a Minnesota ya fitar da 'yan ɗaruruwa, kuma a 1919 kotu ta sami mai shi, Samuel Pandolfo, da laifin zamba ta gidan waya. Maganin shi ne a nemi shaidar da ba daga bakin kamfani ta fito ba. Jerin rajistar motoci na jiha zai nuna ko wani ya taɓa sayen ta. Taswirar Sanborn, wadda aka zana don masu inshorar gobara, tana nuna girman gini da abin da ake yi a ciki. In "masana'antar" rumfa ce mai ɗaukar mota uku, ka sami amsa. In kamfani ya karye, fayil ɗin kotun tarayya na iya lissafa kayan da suka rage da masu bin bashi.

Ga wanda ke da motar a hannu, kada sunan da ke jikin inji ya ruɗe shi. Ƙananan kamfanoni da yawa haɗa mota kawai suke yi: inji daga Continental ko Lycoming, aksil daga Timken. Lambar inji ta mai injin ce. Lambar da kamfanin motar ya ba ta tana kan ƙaramin faranti a jikin shasi, ko gaban direba, ko ƙarƙashin kujera. Kar ka ɓata lokaci da shafukan fassara lambar VIN, wato lambar shaidar mota ta zamani, don tsarin nan mai baƙaƙe 17 sai 1981 ya fara. Kuma in lambar farko da ka gani 1001 ce, ba lallai an yi mota dubu kafin ta ba. Fara ƙirga daga sama dabara ce ta nuna girma.

Ƙarfin doki, wato ma'aunin ƙarfin inji, shi ma yana raba kan masu bincike: sukan ga adadi biyu ga mota ɗaya, har su ɗauka mota iri biyu ce. Akwai lissafin ALAM, ƙungiyar masu ƙera motoci ta wancan zamani: faɗin silinda a inci, a ninka shi da kansa, a ninka da yawan silinda, a raba da 2.5. Ford Model T mai silinda 4 da faɗin inci 3.75 tana ba da 22.5, alhali ana kiran ta mai doki 20. Gwada faɗin silinda da tafiyar fistan, su ne ba sa ƙarya.

Sai adireshi. Chicago ta sake lambobin titunanta a 1909, Detroit a 1921, don haka lambar da ke tsohon talla za ta kai ka wani gida daban a taswirar yau. Littafin adireshi na shekarar sauyin yakan jera tsohuwar lamba kusa da sabuwa.

In ka nema a Chronicling America, rumbun tsofaffin jaridun Amurka a intanet, ba ka ga komai ba, kada ka ce babu. Na'ura ce ta karanta tsohon bugu, tana mai da "rn" ya zama "m". Gwada sunan shugaban kamfani tare da garin, ko ka buɗe shafukan watan Janairu, lokacin baje kolin motoci na New York a wancan zamani, ka bi su da ido.