Darasi na Tara: Idan Allurar Kashe Zafi Ba Ta Kama Ba

A jikin mutum akwai wani sinadari mai kama da danƙo, ana ce masa kolajin. Shi ke riƙe fata da gaɓoɓi da jijiyoyin jini da dasashi. Wasu ana haifarsu da nasu kolajin mai rauni, galibi gado daga iyaye. Sunan ciwon Ehlers-Danlos, kuma a 2017 masana suka kasa shi kashi 13. Mai shi kan iya lanƙwasa babban yatsa har ya taɓa sangalin hannu, fatarsa ta miƙe kamar roba, ɗan bugu kaɗan jini ya taru. Ba kowane mai laushin gaɓoɓi ke da ciwon ba, likita ne ke tabbatarwa.

To, ina ruwan wannan da cire haƙori? Kafin a cire, ana yin allura a dasashi, galibi da maganin lidokin. Bayan 'yan mintuna leɓe ya yi nauyi, wurin ya mutu. A wajen masu wannan ciwo da yawa allurar ba ta kamawa sosai, ko ta kama ta saki da wuri. Mutum yana kwance baki buɗe, zufa na karyo masa, ana ce masa ya daure ai tsoro ne. Ba raki ba ne, zafin na gaske ne.

Don haka ku faɗa tun kafin ku hau kujera: "Likita, ina da Ehlers-Danlos, allura ba ta cika kama ni ba." Ku roƙa ya taɓa dasashin da ƙarfensa ya gwada kafin ya fara, kuma ku yi yarjejeniya cewa in kun ɗaga hannu zai tsaya. Yana iya ƙara jira, ko ya sauya magani zuwa atikain ko bufibakain mai daɗewa. Amma kowace allura tana da iyaka gwargwadon nauyin jiki, ba a yi ta ƙari. In duk ya ci tura, sai a ɗage aikin zuwa asibitin da ake sa barci.

Muƙamuƙi ma yana saurin gocewa, sai a riƙa hutawa ana rufe baki. Masu ciwon Marfan, wani ciwon gado mai kama da wannan wanda ke buɗa babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, su fara tuntuɓar likitan zuciyarsu, domin yawancin allurar haƙori akwai adirenalin a ciki, sinadarin da ke ƙara bugun zuciya.

A gida, farasitamol ya fi dacewa. Asfirin da ibufurofen suna ƙara zubar jini, kada ku sha sai likita ya yarda. Ramin haƙorin yakan daɗe bai warke ba, ɗinkin kuma na iya yagewa. In kun cije auduga na rabin sa'a jini bai tsaya ba, ku koma asibiti.