Yadda Ake Mayar da Miskali da Dinari Zuwa Giram Domin Lissafin Zakka

Kalmar miskali ta samo asali ne daga Larabci, inda take nufin ma'aunin nauyi, kuma ita ce ta zo a suratu Zalzala wajen ambaton nauyin zarra. Dinari kuwa suna ne da Larabawa suka aro daga kuɗin Rumawa, waɗanda suka daɗe suna ciniki da su kafin Halifa Abdulmalik bin Marwan ya buga dinarin Musulunci mai ɗauke da rubutu zalla, ba tare da hoto ba, a shekara ta 77 bayan Hijira. Nauyin wannan dinari miskali ɗaya ne, wato kimanin giram 4.25, shi ya sa littattafan fikihu suke ambaton sunayen biyu da ma'ana guda.

Wanda yake son sanin nisabin zakka, wato dinari 20, sai ya ninka 4.25 sau 20, ya sami giram 85 na tataccen zinariya, sannan ya tambayi farashin giram ɗaya a ranar da dukiyarsa ta cika shekara bisa ƙidayar watannin Musulunci. Idan abin da ya mallaka ya kai darajar wannan adadi, sai ya fitar da ɗaya bisa arba'in, wato rabin dinari a kowane dinari 20.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne wajen ingancin zinariyar, domin mafi yawan wadda ake sayarwa a kasuwa gauraye take da wani ƙarfe. Malamai da dama na wannan zamani suna lissafi ne da tataccen kawai, saboda haka mai giram 90 na karat 21 zai ninka da 21 ya raba da 24, wato karat na tataccen, ya ga cewa giram 78.75 na tataccen ne a hannunsa, bai kai nisabi ba. Haka kuma bai kamata a ɗauki miskalin kasuwar Iran, mai kimanin giram 4.6, a matsayin na shari'a ba.

Azurfa tana bin ƙa'idar cewa dirhami 10 daidai suke da miskali 7, don haka dirhami 200, wato nisabin azurfa, suna kama giram 595. Da ma'aunin miskali ne kuma ake fitar da mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya, wato rubu'in dinari, wanda ya ɗara giram ɗaya na zinariya da kaɗan.