Daga Legas Zuwa Eindhoven: Yadda Ake Shiga Rajistar Birni A Zauna Lafiya

Duk wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba ya san cewa baƙon da ya sauko daga Arewa ba ya fara neman sakatariyar ƙaramar hukuma. Ɗan garinsu yake nema, a ba shi tabarma da wurin ajiye jaka, idan kuma wata rigima ta taso a kai ta fadar Sarkin Hausawa. Mutum na iya shekara ashirin a Legas hukuma ba ta san ɗakin da yake kwana ba. A Eindhoven, birnin fasaha da zane da ke kudancin ƙasar Holan, abin ba haka yake ba, domin albashi da asusun banki da ganin likita duk a rataye suke a wuyan adireshin da hukumar birni ta rubuta maka.

Ya kamata mai shirin tafiya ya san irin garin da zai sauka. Ƙaramar hukumar Agege kaɗai ta fi shi yawan jama'a, duk da cewa Eindhoven ne birni na biyar a girma a Holan. Kamfanin Philips ne ya raya shi, tun daga masana'antar ƙwan lantarki da aka kafa a 1891, kuma a 1920 aka haɗe tsohon garin da ƙauyuka biyar da ke kewaye da shi, waɗanda sunayensu, irin su Strijp da Woensel, suka zama sunayen unguwanni a yau. Garin ya sha wuya bayan da kamfanin manyan motoci na DAF ya karye a 1993, Philips kuma ya mayar da hedikwatarsa Amsterdam, sai hukumar birni da jami'a da kamfanoni suka haɗa kai a tsarin da ake kira Brainport. Yanzu Jami'ar Fasaha ta Eindhoven, da makarantar zane ta Design Academy, da kamfanin ASML da ke maƙwabciyar Veldhoven, mai ƙera injinan buga ƙwaƙwalwar kwamfuta, su ne ke jawo mutane daga ko'ina. Aiki ya yi yawa, gidaje sun yi kaɗan, kuma a nan ne wahalar baƙo take.

Aikin yana farawa tun kana Legas. Jami'ar da ta ɗauke ka ko kamfanin da ya ba ka aiki ne ke nema maka izinin shiga da na zama a hukumar shige da fice ta IND. Naka shi ne takardu: shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da shaidar aure idan da iyali za ka tafi, a tantance su a Ma'aikatar Harkokin Waje da ke Abuja, sannan ofishin jakadancin Holan ya sa nasa hatimin. Kafin ka kai su, shimfiɗa su a kan tebur tare da fasfo, ka bi harafi-harafi. Mu Hausawa muna da sakaci a nan, za ka ga Muhammadu a takardar haihuwa, Mohammed a fasfo, Muh'd a takardar makaranta, kuma ma'aikacin da ke can ba zai yarda cewa mutum ɗaya ne ba don kawai ka rantse masa. Gyaran da zai ci maka mako biyu a gida yana iya cin watanni idan ka riga ka tsallaka.

Sai batun ɗaki. Kafin ka tambayi kuɗin haya, tambayi mai gidan ko ana iya yin rajista da adireshin. Idan ya ce a'a, to ka haƙura da shi kome arharsa, domin ɗakin da ba a rajista da shi ba zai ba ka lambar shaidar rajista da kake buƙata don karɓar albashi ba. Kada kuma ka tura kuɗin ajiya ga wanda ka gani a Facebook kawai, yana cewa ya yi tafiya zai aiko maka da makulli. Wanda ya taɓa neman ɗaki ta hannun dillalan Legas ai ba sai an yi masa dogon bayani ba. Idan cikin gari ya gagara, a duba Veldhoven ko Best ko Geldrop ko Helmond, amma a sani cewa kowanne hukumarsa daban, can za a yi rajistar.

Doka ta ce wanda zai zauna fiye da wata huɗu ya yi rajista cikin kwana biyar da isowarsa. Ba a zuwa haka kawai a bi layi, ta intanet ake neman lokaci, don haka ka nema tun kafin jirginka ya tashi daga Ikeja. Ka tafi da fasfo, da yarjejeniyar haya ko rubutaccen izinin mai gida, da takardun da aka tantance, da wasiƙar IND. Idan an ce ƙarfe goma da minti goma, to haka ake nufi, babu cunkoson gadar Third Mainland da za a kafa hujja da shi. Bayan rajista za a ba ka lamba mai alƙaluma tara da ake kira BSN, wadda da ita ake biyan albashi, a yi inshorar lafiya, a kuma nemi DigiD, makullin shiga duk shafukan gwamnati. Kalmar sirrin kunna shi ta gidan waya take zuwa, saboda haka ranar da ka tare ka liƙa sunanka a akwatin wasiƙun ƙofar gida, ka kuma riƙa buɗe shi kullum. Ambulan mai launin shuɗi na hukumar haraji ne, ba a ajiye shi sai an samu sarari.

Ɗan Najeriya zai je gwajin tarin fuka a hukumar lafiya ta GGD. Mai aiki dole ne ya yi inshorar lafiya ta ƙasar cikin wata huɗu, wanda karatu kaɗai ya kai shi kuma inshorar ɗalibai yake yi. Ka yi rajista da likitan unguwa tun kana da lafiya, domin shi ke tura mutum asibiti.

Shara ce ke fara haɗa baƙo da hukuma faɗa. A Legas motar masu kwashe shara ce ke zuwa ta yi oda a fito da buhuna. A unguwanni da yawa na Eindhoven kuwa, ramin sharar yana ƙarƙashin ƙasa, bakinsa kawai ake gani kamar ƙaramin akwatin ƙarfe a gefen titi, sai ka kara kati ya buɗe, ka jefa leda ka rufe. Kwalba da takarda kowanne da wurinsa, gwangwanin lemo da ƙaramar gorar roba kuma ana mayar da su kanti a karɓi santi 15 na kuɗin euro a kan kowanne. Wanda ya tarar da ramin ya cika ya ajiye leda a gefe yana iya ganin takardar tara, domin ana buɗe ledar a nemi ambulan mai sunansa. A farkon shekara takardar harajin shara takan zo daga hukumar birni, wata kuma daga hukumar ruwa ta De Dommel, mai sunan kogin da ya ratsa garin. Mai ƙaramin ƙarfi na iya neman a yafe masa, wanda kuma yake ganin an yi masa kuskure yana da mako shida ya rubuta ƙorafi.

Keke kuwa ka saya tun makon farko, da fitila gaba da baya da sarƙa mai kauri, kada kuma ka jingine shi inda aka hana a bakin tasha, don hukuma na kwashewa.

Majalisar birnin na da kansiloli 45 da ake zaɓa duk shekara huɗu, amma magajin gari naɗa shi ake yi da sa hannun sarki na shekara shida. A 2022 aka naɗa Jeroen Dijsselbloem, tsohon ministan kuɗi. Abin da ya fi burge ni shi ne, baƙon da ya shekara biyar da izinin zama yana jefa ƙuri'a a zaɓen kansiloli ko da fasfon Najeriya yake riƙe da shi, kuma daga rajistar nan ake gane ya cika shekarun. Zaman majalisar a buɗe yake ga kowa. Ranar Litinin ta farkon kowane wata da ƙarfe 12 na rana za ka ji jiniya ta cika gari, gwaji ne kawai, ka ci gaba da cin abincinka. A watan Oktoba ana makon baje kolin zane na ƙasar, wanda tsoffin masana'antun Philips da ke Strijp-S ke ɗaukar kaso mai yawa nasa, a Nuwamba kuma ana bikin fitilu na Glow, kallo kyauta a kan titi. Mai neman naman halal da kayan miya ya nufi titin Kruisstraat da kasuwar Woensel ta ranar Asabar.

Idan ka sauya gida, ka sanar da hukuma kada ya wuce kwana biyar bayan tarewa. Idan kuma za ka dawo Legas ka yi fiye da wata takwas a cikin shekara guda, ka je a cire sunanka daga rajistar kafin ka tashi, in ba haka ba takardun haraji da na inshora za su ci gaba da taruwa a akwatin gidan da ka bari.