Kar ka sayi dogon gilashin kyamara don zuwa Katmai, haya za ka ɗauka

Jama'a, duk mai shirin bin jagora zuwa Alaska don ɗaukar hoton beyar girizili, ga abin da na koya.

Kar ka zuba kuɗinka a dogon gilashi mai milimita 600, irin mai jawo abin da ke nesa sosai. Ɗauki hayar mai 100 zuwa 400 na mako guda a can Amurka, ka mayar in ka gama.

Dalili? A Brooks Falls, wata magangarar ruwa da ke gandun dajin Katmai a Alaska, kan dandamalin katako ake tsayawa, beyar na ƙasanka tana kamun kifin salmon, musamman a watan Yuli. Ni da na je da dogon gilashi, wata ta matso sai kunne da jiƙaƙƙen gashi kawai na samu a hoton. Na kusa da ni mai ƙaramin gilashi ya ɗauko ta sukutum, da kifi a baki. Haushi kamar in yi kuka.

Ga kuma nauyi. Ƙaramin jirgi mai sauka kan ruwa ne ke kai mutane daga garin King Salmon, kuma ana auna kaya. A dandamalin ma cunkoso ake yi, ba wurin baje sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku.

Amma dabarar ba ta ci a Yellowstone, wani gandun dajin na Amurka. Can doka ta ce yadi 100 tsakaninka da beyar, a Katmai kuwa yadi 50 ne. In Yellowstone ka nufa, to sai dogon, shi ma hayar za ka yi.

Ka gwada gilashin da kyamararka tun a shago kafin ka biya.