Yadda Ake Tsara Kakar Tseren Keke da Bikin Ƙarshen Shekara a Karkarar Kano da Jigawa

Ƙungiyar matasan da ke hawan keken tsere don sha'awa ba ta buƙatar kuɗi masu yawa kafin ta gudanar da gasa ta shekara guda, amma tana buƙatar jadawali rubutacce tun kafin a fara, kuma wajibi ne jadawalin ya bi yanayin ƙasarmu da ayyukan mutanenta. A Turai ana yin manyan tseren kan titi ne daga farkon shekara zuwa Oktoba, shi ya sa gasar Tour de France, wadda aka fara a 1903, take faɗowa a watan Yuli. A wurinmu kuwa Yuli tsakiyar noma ne, kuma saurayin da ya bar gonar mahaifinsa ana cikin maimai ya tafi tsere, to ya jawo wa ƙungiyar baƙin jini a gari kafin ta yi ƙarfi.

Abin da ya fi dacewa shi ne a raba shekarar zango biyu. Zangon farko ya kama daga Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu, lokacin da sanyi yake bai wa mahayi damar yin tafiya mai nisa ba tare da ya galabaita ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 a wannan yanki, saboda haka sai a taƙaita ga atisayen sassafe. Da damina a bar kowa ya fuskanci gonarsa, a riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako don kada ƙafa ta mutu. Zango na biyu ya fara idan girbi ya yi nisa, wato wajen ƙarshen Oktoba, ya ƙare a tsakiyar Disamba. Ba mu kaɗai muke wannan lissafi ba, domin a Burkina Faso, wadda yanayinta ya yi kama da namu, a daidai wannan lokaci ne aka saba yin gasar Tour du Faso da aka fara tun 1987. Tsere huɗu a kowane zango sun isa, tsakanin kowanne da na gaba mako biyu.

Kafin a tsayar da ranaku, a duba watan azumi, wanda yake matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2026 ya kama daga tsakiyar Fabrairu, kuma a shekarun da ke biye zai ƙara shiga cikin zangon farko, don haka sai a rage tseren wannan zango a ƙara a na biyu. A kuma kauce wa ranakun manyan kasuwanni, irin su Juma'a a Wudil, Lahadi a Dambatta, da Alhamis a Maigatari, saboda a waɗannan ranaku motocin shanu da na hatsi ne suke cika hanya tun da asuba.

Ba a sa tsere a kan titi sai an nemi izini. A fara da dagaci, shi ya kai magana ga hakimi, sannan a rubuta takarda zuwa ofishin 'yan sanda na yankin da kuma Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, a faɗi rana da lokaci da inda za a tashi da inda za a juyo. Ana gobe tsere, mutum biyu su bi hanyar a kan babur, su lura da ramuka, da wuraren da yashi ya rufe kwalta, da mashigar garken shanu, da inda ake shanyar tattasai ko shinkafa a gefen titi, su roƙi masu shanya su dakata zuwa hantsi. Wurin tashi da wurin ƙarewa kuma a share su sosai, domin tsidau guda ɗaya ya isa ya huda siririyar tayar keken tsere. Ranar tsere babur ɗaya ya yi gaba da jan ƙyalle, mota ɗaya ta biyo baya da ruwa da 'yan agaji da mai faci, kuma idan hazo ya sauko a jira rana ta ɗaga, har direban da ke tahowa ya iya hango mahaya daga nesa. Wanda ba shi da hular kwano kada a bar shi ya tashi, ko da shi ne gwanin ƙungiya. Hukumar tseren keke ta duniya ma ba ta tilasta wa ƙwararru sanya ta ba sai a 2003, bayan Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya faɗi ya rasu a gasar Paris-Nice.

Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, in ban da 'yan tuddai na wajen Kazaure da Dutse da Rano, saboda haka abin da yake raba gwani da ɗan koyo a nan iska ce. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, don haka wanda ya tashi daga Ringim ya nufi wajen Gumel zai yi ta fama da ita a fuska, idan ya juyo kuma ta riƙa tura shi. A tsara hanya ta yadda za a fuskance ta a tafiya, lokacin da kowa yake da ƙarfinsa. Mahayin da ya laɓe a bayan wani yakan rage kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin da zai kashe, kuma a kan wannan aka gina dukan dabarar tseren ƙungiya: na gaba ya ja na ɗan lokaci, ya zame gefe ya koma baya, na biye ya karɓa. Idan iskar ta zo ta gefe, sai a jeru a karkace, kowa ya fake a kafaɗar na gabansa, amma ba tare da an tsallaka hannun motocin da ke tahowa ba. A kowane tsere a amince tun a gida wa za a yi wa aiki, yawanci wanda ya fi saurin fizga a mitocin ƙarshe, sauran su kare shi daga iska, su ɗauko masa ruwa, su jira shi idan tayarsa ta sace. Wannan ne ya fi wahalar koya wa matasa, domin kowa yana so a ga shi ya fara shigowa gari.

Tseren taro, wato wanda mahaya duka suke tashi tare, na kilomita 40 zuwa 60 ya wadatar. A sa tseren agogo sau ɗaya a kowane zango, kilomita 10 zuwa 15, ana sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya da tazarar minti guda, domin a nan ne ake gane ƙarfin kowa shi kaɗai. A raba aji biyu, masu keken tsere mai giya da masu keken gida irin su Raleigh da Phoenix, in ba haka ba 'ya'yan masu hali ne kaɗai za su riƙa cinyewa, sauran su watse. 'Yan ƙasa da shekara 18 su yi rabin tafiya, da amincewar iyayensu. Na ɗaya ya sami maki 10, na biyu 8, na uku 6, a yi ta raguwa, kuma duk wanda ya kammala a ba shi maki ɗaya. Magatakarda ya rubuta sakamako a littafi nan take a gaban kowa, mutum biyu su sa hannu, saboda rigimar Disamba daga makin da aka rubuta da ka a Janairu take tasowa.

Mahayi ya karya da koko ko kunu sa'a biyu kafin tashi, ya riƙe dabino ko ayaba a aljihu, ya sha kimanin rabin lita ta ruwa kowace sa'a ko da bai ji ƙishirwa ba, domin bushewar hunturu tana shanye gumi kafin a gan shi. Bayan kowace fita a goge sarƙar keke a sa mata mai kaɗan, don mai da yawa ƙura yake tarawa.

Biki kuwa a sa shi a makon ƙarshe na Disamba, lokacin da hatsi ya shiga rumbu, ɗalibai suna gida, kuma waɗanda za su tafi cirani ba su gama watsewa ba. Kuɗinsa ya fito daga karo-karon wata-wata da aka ware tun Janairu. Idan wani mai neman kujera ya kawo gudummawa a karɓa a yi godiya, amma kada a bari a liƙa hotonsa a rigar ƙungiya, domin 'ya'yanta ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Da safe a yi zagayen gari a hankali, yara da kekunansu suna biye, a tsaya a ƙofar fadar hakimi a yi gaisuwa. Bayan La'asar a taru a filin makarantar firamare, a gayyaci dagaci da liman da iyayen mahaya da jami'an da suka tsare hanya.

Bayan addu'ar buɗewa, abu na farko shi ne ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, kafin a taɓa abinci, tun hankalin kowa yana wurin. Sannan a miƙa kofi ga zakaran kowane aji, kofin da zai dawo da shi baɗi a sake fafatawa a kansa, a haɗa masa da abin amfani kamar taya ko sarƙa ko hular kwano. A ganina kyautar da ta fi muhimmanci ita ce ta wanda ya fi kowa jan iska domin wasu, wanda littafin maki ba zai nuna shi ba. Mahaya su zaɓe shi da kansu ta hanyar jefa takarda, kuma a miƙa masa tasa a gaban mahaifinsa. A kira mai faci da ɗan babur da direban motar baya da sunansu a ba su wani abu, ko da turmin atamfa ne na kai wa gida. Daga nan sai a ci shinkafa da naman da aka yanka, a sha zoɓo, a watse kafin Magariba.

Washegari shugabanni su zauna su fitar da ranakun zangon Janairu, su rubuta takardun neman izini, su kuma tantance adadin sababbin yaran da suka nuna sha'awa a wurin zagayen gari, domin a san yawan hulunan kwanon da za a sayo daga Kano kafin tseren farko.