Yadda na raba Duna da cin kashi

Duna karen gadi ne da na ɗauko yana kwikwiyo don ya tsare min gidan gona. Bai wuce wata huɗu ba na tarar da shi bayan akurkin kaji yana lasar baki, ya cinye kashinsa tas. Na ɗauki tsumagiya na zane shi. Kashegari ya sake, sai dai wannan karon kafin in ƙaraso ya haɗiye, yana waige. Abin da dukan ya koya masa ke nan: sauri. Don haka ka ajiye bulala tukuna.

Ba lalacewa ba ce, gado ne. Karya idan ta haihu, kusan mako uku tana lashe 'ya'yanta tana cinye kashinsu don makwanci ya zauna tsaf, su kuma suna tasowa suna gani. Yawanci suna bari idan sun girma, wasu su zarce. Wani binciken da Benjamin Hart da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka fitar a 2018 ya gano cewa kare 16 cikin 100 na yawan yin haka, kuma sun fi son sabon kashi, wanda bai wuce kwana biyu ba. Magungunan da ake sayarwa don hana su kuwa, nasararsu ba ta wuce 2 cikin 100 ba. Da na san haka da ban ɓata barkonona ina barbaɗawa ba.

Fara da likitan dabbobi. Tsutsar ciki na cinye abincin kare ta bar shi da yunwa, cin kashin kuma na ƙara masa tsutsar. Ni duk wata uku nake ba Duna maganin tsutsa, gwargwadon nauyinsa, likita ke auna min. Idan karenka yana ci amma yana ramewa, ko zawo ya ƙi tsayawa, ko yana shan ruwa fiye da kima, kada ka tsaya dabarun gida, ka kai shi a duba.

Sai abinci. Gaskiya laifina ya fi yawa a nan. Ƙanzo da guntun tuwo nake jiƙa masa sau ɗaya a yini, in na tuna. Na mayar da shi sau biyu, safe da yamma, a kan lokaci, ina haɗa masa da kan kifi da tarkacen nama daga mahauta. Ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya huda hanji. Amfanin tsayayyen lokaci shi ne za ka san sa'ar da zai zagaya, galibi jim kaɗan bayan ya ci.

A nan aikin yake. Da ya gama ci nakan sa masa igiya mu fita bayan gida. Yana tsugunawa ina tsaye da shebur. Yana miƙewa, kafin ya juya hanci, sai in ce "Duna, zo!", in miƙa masa ɗan ƙuli-ƙuli. Yana tauna ina kwashewa in binne. Makon farko sai da igiya nake janyo shi. Wajen mako na uku, da ya gama sai ya rugo wurina da kansa yana kaɗa jela, ya ma manta da abin da ya bari a baya.

Gidan da ke da yara, a riƙa zubar da fo a masai nan take, a rufe ƙofar. Akurki da turken awaki ma a katange su. Karen da yake wuni ɗaure a wuri guda, shi da kashinsa, ba abin yi, dole ya koma masa, shi ya sa nake kwance Duna da yamma ya bi ni zagayen gona.

Har yanzu idan muka ratsa inda shanun Fulani suka kwana, sai na riƙe igiyar da hannu biyu.